Ƙiba da rumbun jiki

1. A ɗakin awo

A bakin tashar mota ta Birnin Ƙonni akwai wata mata mai tuyar ƙosai da fanke. Tun da asuba take fita. Ta hura wuta, ta ɗora kasko, ta zauna bisa kujera. Ba ta tashi sai rana ta take. Da la'asar kuma ta komo, sai bayan isha'i. Shekara goma sha biyar ke nan tana wannan sana'a. Da ita take ciyad da gida, da ita take saya wa yara littattafai.

A cikin shekarun nan jikinta ya yi nauyi ƙwarai. Maƙwabta suna cewa: «Ciniki ya karɓe ta.» Ita ma tana jin daɗin maganar. Amma daga baya sai ƙishirwa ta dame ta. Cikin dare takan tashi fitsari sau huɗu ko sau biyar. Gwiwoyinta suna ciwo. In ta yi ƴar tafiya, sai haki.

Ran nan ƴarta, wadda ke aji shida, ta raka ta asibiti tun da safe, ba ta karya kumallo ba. Malamin asibiti ya sa ta hau sikeli: kilo 92. Ya auna tsawonta: mita 1,60. Ya zagaya ƙugunta da ma'auni: santimita 104. Ya ɗaura mata abin awon jini a dantse, ya ga 16 bisa 10. Ya soki ɗan yatsanta, ya ɗiga jini a kan na'ura, ya rubuta abin da ya gani.

Ya ce: «Hajiya, jininki ya hau, sukarin da ke cikin jininki kuma ya yi yawa. Za ki komo jibi mu sake aunawa, domin awo ɗaya ba ya isa. Amma tun yanzu ina gaya miki, nauyin nan yana cikin abin da ya kawo su.»

Ta ce: «Likita, yau kuma ƙiba ce ta zama ciwo? Ni da ake yi wa barka?»

Ya ce: «Ƙiba ba laifinki ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Amma in ta wuce kima, takan ja ciwo. Akwai abin da za a yi.»

Da suka komo gida, kakar yarinyar tana nan, ta zo daga ƙauyensu na ƙasar Illela. Ta ji labari, ta tafa hannu.

Ta ce: «Ni na haife ta a shekarar yunwa ta 1984. Kamar ƴar tsako take, ba wanda ya zaci za ta rayu. Yau Allah ya cika mata jiki, a ce ta rage? A'a!»

Yarinya ta yi shiru. Kaka ba ƙarya ta yi ba. Malamin asibiti ma ba ƙarya ya yi ba. To, yaya maganar take?

2. Jiki ma yana da rumbu

Manomin Adar ya san damina wata uku ce ko huɗu, ci kuwa wata goma sha biyu ne. Saboda haka yake gina rumbu. Da kaka ya zuba damman hatsi, da bazara ya riƙa ɗiba.

Jikin mutum haka yake yi. Abincin da aka ci yakan narke a ciki da hanji. Tuwo, fura, shinkafa, rogo da dankali duk sukan rikiɗa su zama wani irin sukari, ya shiga jini. Jini ya kai shi ko'ina cikin jiki. Da shi zuciya take bugawa, da shi ƙwaƙwalwa take tunani, da shi hannu yake ɗaga kalme. Ko mutum yana barci, jikinsa yana cin wannan makamashi, kamar yadda garwashi yake ci a hankali ƙarƙashin toka.

Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci suna kiranta pankareyas. Ita ce take fitad da wani sinadari mai suna insulin. Insulin kamar mabuɗi yake: shi yake buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Abin da ya ragu, hanta da tsoka su adana kaɗan. Saura kuwa jiki ya mai da shi kitse, ya zuba cikin waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Waɗannan ƙwayoyin kitse su ne rumbun jiki. In an zuba musu, su kumbura. In an ɗiba, su motse.

Tozon raƙumi da tozon sa duk irin wannan ajiya ce. Da kaka tozo yakan miƙe, da bazara ya kwanta. Mutum ba shi da tozo. Nasa kitsen yana ƙarƙashin fata, da cinyoyi, da kewayen kayan ciki.

Ana auna ƙarfin abinci da wani ma'auni mai suna kalori. Giram 1 na sukari ko na garin hatsi tsantsa yana ba da kimanin kalori 4. Giram 1 na mai yana ba da kalori 9, watau fiye da ninki biyu. Babban mutum yana bukatar kalori 2000 zuwa 2500 a yini, gwargwadon jikinsa da aikinsa. Kilo 1 na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kimanin kalori 7700.

Ga misali. Babban cokali 1 na man gujiya yana da kalori wajen 120. In mutum yana ƙara cokali 1 kullum bisa abin da jikinsa yake bukata, cikin wata biyu ya tara abin da ya kusa kai kilo 1. Wannan lissafin takarda ne, jiki yakan ɗan daidaita abinsa. Amma ya nuna cewa ba sai an yi zarin ci ake ƙiba ba. Kaɗan kaɗan ne, shekara da shekaru.

Duk yaron da ya ga yadda ake turkar ragon layya ya ga wannan aiki da idonsa. Ana ɗaure rago wuri guda, a ba shi dusa da harawa da ƙowar wake, ba ya zuwa kiwo. Ɗan'uwansa da ke bin garke zuwa daji ba ya yin kitse irin nasa, ko da uwarsu ɗaya.

Kitse ba abokin gaba ba ne. Shi yake tsare mutum daga sanyi, shi yake riƙe shi in ya kwanta ciwo ko abinci ya yanke. Mace mai ciki da mai shayarwa suna bukatarsa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wahala tana farawa ne in kullum ana zuba wa rumbu, ba a ɗiba.

3. Yadda ake gane ƙiba

Ido yana ruɗi, saboda haka ake awo. Ana ɗaukar tsawon mutum a mita, a ninka shi da kansa. Sa'an nan a raba nauyinsa da abin da aka samu.

Ga na mai ƙosai: 1,60 sau 1,60 ya ba da 2,56. In an raba 92 da 2,56 za a samu 35,9.

Ga yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara sakamakon ga manya:

Ƙasa da 18,5: rama.
Daga 18,5 zuwa 24,9: daidai.
Daga 25 zuwa 29,9: nauyi ya wuce kima.
Daga 30 zuwa sama: ƙiba.

Wannan awo na manya ne. Yara suna girma, nasu jadawalin dabam yake, yana asibiti. Ba a kuma yin sa ga mace mai ciki. Ɗan kokawa mai tsoka yana iya samun lamba babba alhali ba kitse gare shi ba. Don haka ake haɗawa da awon ƙugu. In ƙugun mace ya wuce santimita 88, ko na namiji ya wuce 102, to kitsen ciki ya yi yawa. Kitsen da ke kewaye da hanta da hanji shi ya fi ɓarna. Tumbi ya fi cinya haɗari.

A lura da wani abu. Kumburi ba ƙiba ba ne. Yaron da tamowa ta kama ƙwarai, ƙafafunsa da fuskarsa sukan kumbura, har wani ya ce ya yi jiki. In an danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, aka ƙirga uku, aka ɗaga, wurin ya lotsa bai komo ba, to ruwa ne. A kai shi asibiti ran nan.

4. Don me wani ya fi wani?

Mutum biyu suna iya cin tuwo a akushi ɗaya, ɗaya ya yi ƙiba, ɗaya ya tsaya kamar sanda. Masana sun daɗe suna binciken dalili. Ga abubuwa uku da suka gano.

Na farko, gado. A 1990 aka bayyana wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin kan tagwaye masu kama ɗaya waɗanda aka raba tun suna ƙanana, kowa ya tashi a gida dabam. Da suka girma, sai aka tarar nauyinsu ya yi kusa da juna ƙwarai. Watau kamar yadda ake gadon tsawo da launin fata, haka ake gadon saurin tara kitse. Amma iri kaɗai ba ya cika rumbu, sai da gona da ruwa. Wanda ya gaji ƙiba, abincinsa da zamansa su ne gonar.

Na biyu, saƙon da ke tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa. Ba mutum ne yake sa wa kansa yunwa ba. In tumbi ya zama wayam, yakan saki wani sinadari cikin jini, ya je ya gaya wa ƙwaƙwalwa lokacin ci ya yi. Kitse ma yana da nasa ɗan aike, sunansa leftin. Wani masani ɗan Amurka, Jeffrey Friedman, shi da abokan aikinsa suka gano shi a 1994, suna bincike kan waɗansu ɓeraye. Ɓerayen nan jikinsu ba ya yin leftin. Ba sa jin ƙoshi, sai ci, har ɗaya ya kai nauyin ɓera uku. Aikin leftin shi ne ya gaya wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke cikin rumbu. Yawancin masu ƙiba suna da leftin da yawa, amma ƙwaƙwalwarsu ta daina jin saƙon sosai, kamar mazaunin bakin kasuwa da ya saba da hayaniya.

In mai ƙiba ya rage nauyi, leftin yakan ragu. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya zo. Sai ta ƙara masa yunwa, ta kuma sa jiki ya riƙa tsimin makamashi. Shi ya sa rage ƙiba yake da wuya, shi ya sa take saurin komowa. Jiki ya iya tsare kansa daga yunwa fiye da yadda ya iya tsare kansa daga yalwa, domin yunwa ce kakannin ɗan Adam suka fi sani.

Na uku, abin da ya sami mutum tun yana ciki. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, an yi yunwa mai tsanani a ƙasar Holan. Bayan shekaru masu yawa likitoci suka bi sawun waɗanda suke cikin uwayensu a lokacin. Suka tarar ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi ɓoyo. In daga baya ya sami mai da sukari a yalwace, sai ya tara fiye da kima.

Ƙasar Nijar ta ga fari da yunwa a 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985, da 2005, da 2010. Jihar Tawa tana cikin wuraren da abin ya taɓa. Jariran waɗannan shekaru su ne iyaye da samari na yau. Ashe maganar kaka da ta malamin asibiti ba su saɓa ba. Ƴar tsakon 1984 ita ce mai kilo 92, kuma yunwar farko tana iya zama da hannu cikin ƙibar baya.

5. Abin da ya sake

Jikin mutane bai sake ba cikin shekara hamsin. Zama ne ya sake.

A da, mace takan yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga a rijiya mai zurfi, ta ɗauko itace daga daji. Namiji ya yini yana noma, ya tafi kasuwa a ƙasa ko bisa jaki. Abinci kuwa fura da nono, tuwon hatsi da miyar kuka, wake, da ganye. Mai kaɗan ne, sukari sai ran buki.

Har yanzu haka ake a ƙauyuka da yawa na ƙasar Illela da Malbaza da Ƙonni. Amma a garuruwan da ke bakin kwalta, kamar Birnin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza, Galmi da Badagishiri, abubuwa sun juya. Injin niƙa ya ɗauke aikin turmi. Famfo ya ɗauke na guga. Kabu-kabu yana kai mutum ko da nan da can ne. Mai kanti, direban babbar mota, tela, ma'aikacin ofis, duk a zaune suke yini. Da dare kuma ga talabijin, ga salula. Shinkafa da maka da burodi sun shigo. Mai na jarka ya yawaita. Lemun kwalba da alewa da biskit suna kowane teburi. Shayi kuwa ana dafa shi sau uku, kowane da sukarinsa.

Injin niƙa da famfo alheri ne, ba mai son komawa ga wahalar da. Sai dai aikin da jiki yake yi ya ragu, abin da ake zuba masa ya ƙaru.

Ba a nan kaɗai ba ne. Tun 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙiba ta zama annoba. A ƙididdigarta ta shekarar 2022, mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙiba. Manya masu ƙiba sun kai miliyan 890. Daga 1990 zuwa 2022 rabon manya masu ƙiba ya ninka fiye da sau biyu, na matasa kuwa sau huɗu. A Nijar, binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa nauyin da ya wuce kima ya fi yawa ga matan birni bisa na ƙauye.

Saboda haka ƙasar tana ɗauke da kaya biyu. Tamowa ba ta tafi ba, ƙiba ta iso. Wani lokaci a gida ɗaya ake samunsu: uwa mai ƙiba, goyonta kuwa ma'aunin dantse ya nuna ja. Mai ƙiba ma yana iya rashin jini, domin mai da sukari suna cika ciki amma ba sa gina jiki.

6. Ɓarnar da ƙiba take yi

Ciwon sukari. In kitse ya yi yawa, ƙofofin tsoka sukan yi tauri, mabuɗin insulin ya daina buɗe su da sauƙi. Sukari ya taru cikin jini. Alamunsa su ne ƙishirwa, yawan fitsari, kasala, da gyambon da ba ya warkewa. In awon safe, kafin a ci komi, ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, ciwon ya tabbata. In an bar shi, yakan taɓa ido da ƙoda, har ya sa a yanke ƙafa.

Hawan jini. Babban jiki yana sa zuciya aiki mai yawa. In awo ya riƙa kai 14 bisa 9 ko ya wuce, jini ya hau. Sau da yawa ba ya nuna alama, sai ran da ya kawo shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon gwiwa da baya. Ƙafafun da aka yi don kilo 60, in suna ɗauke da 90, kamar mutum ne yake yawo da rabin buhun siminti da ɗoriya, dare da rana, ba saukewa.

Akwai kuma minshari mai yanke numfashi cikin barci, da wahala wajen ciki da haihuwa, da waɗansu ire-iren ciwon daji.

Zazzaɓin cizon sauro ana shan maganinsa kwana uku a warke. Ciwon sukari da hawan jini kuwa ana riƙonsu ne har iyakar rai, kowane wata da kuɗin magani. In mai ciyad da gida ya kwanta, gida duka ya kwanta. Wannan ya sa ƙiba ta zama maganar jama'a, ta wuce maganar mutum ɗaya.

7. Ƙwayoyin sa ƙiba

Da yake ana ganin ƙiba alamar hutu ce da wadata, waɗansu ƴan mata da amare sukan sayi ƙwayoyi wurin masu tallar magani don su yi jiki. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan sunanta dekisametazon. Magani ne na gaske, likita yana ba da shi ga waɗansu cututtuka, da ƙa'ida. In an sha shi barkatai, fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage. Yana kawo ciwon sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wadda ta daɗe tana sha, kada ta bari rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata sannu sannu.

Haka kuma a guji ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen da ake tallarsu wai suna narkad da kitse cikin mako guda. Akwai sababbin magunguna na allura da suke rage ƙiba da gaske, amma suna da tsada ƙwarai, kuma likita ne kaɗai yake sa mutum a kansu.

8. Abin yi

A gida:

A rage mai. A riƙa auna shi da cokali, kada a tuttula. Dafaffe da gasasshe sun fi soyayye.

A rage sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, watau ƙaramin cokali 12. Gwangwani 1 na lemu mai zaƙi yana iya ɗaukar giram 35. Ruwa shi ne abin sha na ƙishirwa.

A rage gishiri da dunƙulen miya. Gishirin yini duka kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali 1.

A riƙe abincin gida. Hatsi da dawa da ba a cire dusarsu duka ba, wake, zogala, rama, yakuwa, tafasa, kuɓewa, kabewa. Ga albasar Galmi, ga tumatir da shu da karoti na lambunan rani, ga abin da ake nomawa da ruwan madatsun Mozage da Zango. Ga magarya da goriba da mangwaro maimakon alewa.

A shayad da jariri nonon uwa zalla har wata 6. A ciyad da mai ciki da kyau. Yaƙi da tamowar yau rigakafin ƙibar gobe ne.

A motsa jiki. Yaro yana bukatar aƙalla minti 60 kullum na gudu da wasa: langa, ƙwallo, kokawa, tsallen igiya. Babba yana bukatar aƙalla minti 150 a mako, misali tafiya mai sauri ta minti 30, kwana 5. A kuma yi barci isasshe.

A gari:

Makaranta ta kiyaye lokacin wasanni, ta yi lambu, ta duba abin da ake sayarwa a bakin ƙofarta. Manya su riƙa zuwa awon jini ko ba su jin ciwo. Hukuma ta sa ido kan masu tallar ƙwayoyi. Waɗansu ƙasashe sun ɗora haraji kan lemu mai sukari: Meziko a 2014, Afirka ta Kudu a 2018, Najeriya kuma ta fara karɓar nata a 2022. Kowace shekara, ran 4 ga Maris ake faɗakarwa kan ƙiba, ran 14 ga Nuwamba kan ciwon sukari.

Kada a yi wa mai ƙiba dariya ko a laƙa masa suna. Yaron da ake yi wa ba'a yakan daina fita wasa, abin ya ƙaru.

9. Bayan wata shida

Mai ƙosai ta koma asibiti, awo na biyu ya tabbatad da na farko. Aka ba ta magani. Malamin asibiti ya ce mata ba sai ta koma kamar budurwa ba: in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, watau kilo 5 zuwa 9, jini da sukari za su ji sauƙi.

Ba ta bar sana'arta ba, domin da ita ake ci. Amma ta daina karya kumallo da fanke da shayi mai sukari, ta koma kunu da dafaffen wake. Ta bar lemun kwalba. Ta riƙa zuwa tasha a ƙasa, ƴarta tana taya ta ɗaukar kaya kafin lokacin makaranta. Watan farko ta sha wuya, yunwa tana damunta da dare. Da bukin salla ma kilo 1 ya komo.

Bayan wata shida sikeli ya nuna 86. Tashin dare ya ragu. Har yanzu tana shan magani, har yanzu tana zuwa awo kowane wata.

Kaka ta sake zuwa, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce: «Kin rame.»

Yarinya ta ce: «Kaka, jiya Inna ta je kasuwa a ƙasa ta komo, ba ta zauna hutu a hanya ba.»

Kaka ta yi shiru. Can ta kwance ƙullinta, ta fito da busasshiyar zogala da garin kuka da ta zo da su daga ƙauye, ta ce a ɗora tukunya.

Kalmomi

Kalori: ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki.
Insulin: sinadarin da yake shigad da sukari daga jini zuwa tsoka.
Leftin: sinadarin da kitse yake aika wa ƙwaƙwalwa.
Tamowa: ciwon rashin isasshen abinci mai gina jiki.
Turka: ɗaure dabba wuri guda ana ciyad da ita don ta yi kitse.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya kitse ya yi kama da rumbu?
2. Don me ragon turka ya fi na garke kitse?
3. Waɗanne abubuwa uku ne suke sa wani ya fi wani saurin ƙiba?
4. Yaya ake bambanta kumburi da ƙiba?
5. Don me kaka ta ƙi maganar malamin asibiti? Wace amsa ta dace a ba ta cikin ladabi?

Lissafi

1. Wani mutum tsawonsa mita 1,70, nauyinsa kilo 65. Wata mata tsawonta mita 1,50, nauyinta kilo 72. A nemo lambar kowannensu, a faɗi rukunin da yake ciki.
2. Wani direba yana shan gwangwani 1 na lemu kullum, mai sukari giram 35. Giram nawa ya sha cikin kwana 30? Ya kai kilo 1?

Aiki

Kowane ɗalibi ya tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a gidansu abin da suke ci da aikin da suke yi a yini ɗaya lokacin ƙuruciyarsu. Ya rubuta a gefe guda na takarda, ya rubuta nasa na jiya a ɗaya gefen, ya kawo aji a gwada.